Ladabin Filin Harbin Bango da Zaman Tare Tsakanin Masu Riƙe da Bindiga

Gabatarwa

Duk sana'ar da take tara mutane wuri guda tana da ladabinta. Mahauta suna da nasu a kwata, maƙera suna da nasu a maƙera, haka ma masunta idan sun taru a bakin ruwa ranar su. Masu riƙe da bindiga su ma suna da nasu, sai dai nauyinsa ya ɗara na sauran, domin wanda ya saɓa ladabin kasuwa iyakarsa a yi masa tsaki, amma wanda ya saɓa ladabin bindiga yana iya jawo a yi jana'iza kafin la'asar.

Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta wannan bayani shi ne yadda bindiga ta yawaita a hannun matasanmu. Tun daga 2013 da samarin Maiduguri suka tashi taimakon soja, waɗanda ake kira 'yan kato da gora, har zuwa rundunar tsaron al'umma da Jihar Katsina ta ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, ga kuma 'yan sintiri da maharba a kusan kowace gunduma, dubban mutane ne suke kwana suna tashi da bindiga a tsakanin 'yan'uwansu. Koyon harbi ba ya ɗaukar lokaci. Yaro mai ido da natsuwa yana iya samun bara cikin mako guda. Abin da yake ɗaukar shekaru shi ne sanin yadda ake zama da bindiga kusa da wani mai bindiga, kuma wannan shi ne abin da na samu a wurin mutane iri uku: tsofaffin sojoji, 'yan bindigar sarki, da maharba.

Shigowar Bindiga da Asalin Harbin Bango

Kalmomin da kansu suna nuna hanyar da abin ya biyo. Bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su. Littafin Tarihin Kano ya ambaci kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa. A Barno abin ya riga haka, domin tun a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya yi yaƙi da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, har ya sa aka riƙa ƙera igwa a Zinder. Duk da haka, doki da mashi da baka su ne ƙashin bayan yaƙi a ƙasar Hausa har zuwan Turawa, bindiga kuwa ta fi zama a hannun bayin sarki. Turawan ma sun yi dabarar da za ta sa abin ya tsaya haka, domin yarjejeniyar da suka ƙulla a Birasil ta ƙasar Beljiyam a 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar mu da bindigar toka.

Shi kuwa harbin bango, wato a keɓe fili, a kafa abin bara, a jera mutane suna harbi bisa umarni, da sojan Turawa ya shigo. Hausawa suna cikinsa tun farko. A 1863 ne Kyaftin Gulba, wato John Glover, ya tara 'yan ƙalilan ɗin Hausawa a Legas ya ba su bindiga, kuma daga wannan tushe ne sojan Nijeriya yake ƙirga tarihinsa. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa Rundunar Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903. An buɗe makarantar horar da kurata ta Zariya a 1924, kuma Hausa ce harshen bariki, da ita ake horar da Tibi da Angas da Babarbare da Bazabarme. Abin da ya sa ake cewa bango shi ne tudun ƙasar da ake tarawa a bayan abin bara domin ya tare harsashi. Wannan tudu shi ne alƙiblar filin, kuma kusan duk ladabin wurin a kansa yake komawa.

Su Turawan Ingila daga gida suka taho da tsarin. Sun kafa ƙungiyar masu harbi ta ƙasarsu a 1859, suka yi gasar farko a Wimbledon a 1860, inda Sarauniya Biktoriya ta yi harbin buɗe taro ta hanyar jan igiyar da aka ɗaura wa kunamar bindiga. A 1890 suka koma Bisley, inda har yanzu ake gasar. Akwai wata al'ada tasu da ta burge ni: mutum biyu ko uku sukan yi tarayya a kan bara guda, suna harbi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa abokin takararsa ne yake rubuta masa makinsa. Wato an gina gasar a kan amana tsakanin mutanen da kowannensu yake son ya kayar da ɗan'uwansa.

Yadda Filin Yake

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, filin harbin bango doguwar shara ce a gefen daji. A ƙarshenta akwai bango. A gaban bangon akwai rami mai zurfi wanda aka kāre da tudu, a cikinsa masu duba bara suke zaune, harsashi yana wucewa ta samansu. Su ne suke ɗaga allon bara su sauke shi, su liƙe hudar da harsashi ya yi, su nuna wa mai harbi inda ya samu da wani faifai a kan doguwar sanda. Idan ya kuskure gaba ɗaya sai su kaɗa masa tuta, abin da yakan sa 'yan baya su yi ta gumtse dariya. Daga can kuma akwai layukan da masu harbi suke kwanciya, a yadi 100 da 200 da 300 da abin da ya fi haka.

Jar tuta iri biyu ce, kuma rikita su ganganci ne. Wadda ake kafawa a mashigar fili da kan tuddan da ke kewaye tana gaya wa jama'ar waje cewa yau ana harbi, kada a ratsa. Wadda ake ɗagawa a ramin masu duba bara kuwa tana gaya wa masu harbi cewa akwai mutum a fili, kada wanda ya taɓa bindiga. Mutum ɗaya ne yake da iko da filin, wato jami'in da aka ɗora wa kula da harbin ranar. Ko kanar ne ya zo ya kwanta a layi, umarnin wannan jami'i zai bi, ko da kuwa a ofis shi ne yake sara masa.

Abin da Ya Same Ni a 1976

Ina aji huɗu a sakandare, ina cikin ƙungiyar 'yan sojan makaranta, aka kwashe mu a babbar mota zuwa filin harbin wani bariki. Mai horar da mu wani samanja ne da ya yi yaƙin basasa, shi kuma yakan ce wanda ya koya masa ya yi yaƙin Bama. Baba Samanja muke ce masa. Bindigar da aka ba mu ita ce wadda ake kira Mak-4, ta Ingila, mai cin harsashi 10, wadda ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Mun yi makonni muna fareti da ita ba harsashi, muna kwance ta muna haɗawa, saboda haka kowannenmu yana ganin ya gama sanin bindiga.

Aka ba kowa harsashi biyar. Na harba biyu lafiya, a na uku na ja kunama sai na ji ƙas, ba ta tashi ba. Maimakon in tsaya yadda nake, sai na yunƙura na juyo domin in nuna wa Baba Samanja, bindigar tana hannuna, bakinta ya share mutum huɗu da ke kwance a hagu da ni. Ban san lokacin da ya iso ba. Na dai ji tafin hannunsa ya danne bakin bindigar ya mayar da shi wajen bango, ya daka tsawar a tsaya, duk layi ya yi tsit.

Ya ce, "Kai yaro, wa kake nema ka kashe a cikin 'yan'uwanka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙin tashi ta yi."

Ya ce, "To, in ta ƙi tashi, da bakinka za ka faɗa mini ko da bakinta?"

Ya sa na riƙe ta tana kallon bango muna ƙirga har talatin kafin ya bari a buɗe sakata. Sa'an nan ya yi mana bayanin da har yau ban manta ba, cewa wani harsashin ba ya mutuwa, jinkiri yake yi, sai an ɗauka ya ƙi sa'an nan ya tashi. Na sha tsallen kwaɗo a ranar, amma bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Sai da ya sa na bi mutum huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, na tsaya gaban kowa na ce ya yafe mini. A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne. Sai da na girma na gane cewa yana nuna mini ne cewa laifin da na yi ba bindiga na yi wa ba, ba kuma littafin dokar soja ba, mutane na yi wa.

Ladubban Layi

Akwai doka, akwai ladabi, ko da yake a wannan fili suna shiga juna. Dokokin kowa ya san su a baki: a ɗauki kowace bindiga a kan cewa a ɗure take, kada bakinta ya kalli abin da ba a yi niyyar harbi ba, kada yatsa ya hau kunama sai an daidaita bara, kuma a san abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Wani tsohon hafsan Amurka mai suna Jeff Cooper ne ya shahara da tsara su guda huɗu kamar haka, amma Baba Samanja bai taɓa jin sunansa ba, kuma duk ya koya mana su. Ladabi shi ne abin da ya rage bayan an kiyaye waɗannan, wato yadda za ka sa na kusa da kai ya samu natsuwa.

Babbansu a ganina shi ne kada mutum ya tsaya a kan cewa shi ya san bindigarsa ba komai a ciki. Saninka bai amfani maƙwabcinka ba, tun da ba ya ganin abin da ke zuciyarka. Saboda haka ake barin sakata a buɗe, a cire gidan harsashi, a ajiye bindiga ta yadda duk wanda ya waiga zai gani da idonsa. Haka nan idan za ka miƙa wa wani bindiga, sai ka buɗe ta ka duba, ka nuna masa, shi ma ya karɓa ya sake dubawa a gabanka. Wanda bai san abin ba yakan ji haushi, ya ce ashe ba a yarda da shi ba. Masu abin kuwa wanda ya karɓa bai duba ba shi suke yi wa kallon baƙo. Idan kuma mutane sun tafi wajen bango duba bara, ba a taɓa bindiga sam, ko don a goge ta, ko don a gyara mata wuri. Wanda yake can yadi 200 idan ya waigo ya hangi hannu a kan bindiga ba shi da hanyar sanin niyyar mai hannun.

Ba a ɗaukar bindigar wani sai da izininsa, kamar yadda ba a hawan dokin wani don an gan shi a ɗaure. Ban da haɗari, kowane mai harbi ya daidaita saitin bindigarsa da idonsa, ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi ɓata masa aikin yini. Ba a yi wa mutum magana idan ya kwantar da kunci ya ɗauke numfashi, ba a tsaya masa a ka, ba a gitta inuwa a gabansa. Sallama ma jira take yi har ya sauke. Wanda yake da bindiga mai tsananin ƙara yakan faɗa wa na gefensa kafin ya fara, ko ya nemi ƙarshen layi. A zamaninmu auduga muke cusawa a kunne, wasu ma suna ganin hakan ragwanci ne, shi ya sa tsofaffin sojoji da yawa sai an ɗaga murya suke ji. Ƙarar babbar bindiga ta haura ma'aunin desibel 140, kuma a wannan mataki harbi ɗaya yana iya yi wa kunne lahanin da ba ya warkewa. Bindigogin da suka zo daga baya masu tofar da kwanso da kansu, irin su FN da G3 da AK-47, sun ƙaro wani abin lura, domin kwanson da zafi yake fita ta dama, ya faɗa wa maƙwabci a wuya. Wanda ya ƙone kuwa abin da ake nema gare shi shi ne ya ajiye bindiga tukuna kafin ya shiga kakkaɓe riga.

Sai maganar gyara. Filin harbi yana tara masu son koyarwa, kowa yana ganin ya fi na kusa da shi sanin yadda ake riƙo. Ladabi shi ne ka bar mutum da malaminsa, in bai tambaye ka ba ka yi shiru, musamman idan ya kuskure. Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, to, wanda ya samu gefen allo a ƙarfafa masa gwiwa. Akwai kuma harbin barar wani bisa kuskure, abin da yakan faru idan alluna sun jeru da yawa. Mai mutunci yakan ɗaga hannu nan take ya ce nasa ne, ko da zai rasa maki. Na ga inda aka samu huda shida a allon mutumin da aka ba harsashi biyar, na gefensa kuma yana da huɗu, amma ya kafe bai san zancen ba. Ba wanda ya ce masa uffan, sai dai daga ranar ba mai son a haɗa shi da shi.

Amma akwai wuri ɗaya da shiru yake zama laifi, kuma a nan ne nake ganin tarbiyyarmu take iya ba mu matsala. Baturen nan Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe wadda aka buga a 1974, ya lissafa kunya da ladabi cikin halayen da muke auna mutum da su, kuma ya yi gaskiya. An rene mu a kan cewa yaro ba ya ɗaga wa babba murya, ba ya gyara masa a gaban jama'a. To, a filin harbi kowa yana da ikon ya daka tsawar a tsaya, kurtu ne ko janar, idan ya hangi akuya ko makiyayi ko bakin bindiga ya karkace. Wanda ya ji kuma ba ya tambayar dalili, ba ya cewa bari in ƙarasa wannan, yatsa yake ɗaukewa. Yaron da ya ga Alhaji ya juya bindiga wajen mutane ya yi masa kara, bai kyauta wa Alhajin ba. Babban da aka tsayar kuma ya hau faɗa yana cewa shekara talatin yana riƙe da bindiga, ya koya wa duk yaran wurin su yi shiru gobe. A iya sanina, masu shekara talatin ɗin nan sun fi sababbi sakaci, domin sabo ya cire musu tsoro.

'Yan Bindigar Sarki da Maharba

Kada mai karatu ya ɗauka Turawa ne suka koya mana wannan duka. Lokacin da nake aiki an sha sa ni cikin kwamitin shirya hawan Salla da tarbar manyan baƙi, inda na zauna da 'yan bindiga na ga tsarinsu. Hawan Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ba ya cika sai da ƙarar bindigoginsu, haka ma sanar da ganin wata a garuruwa da dama. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda. A wurin hawa ba a sa mata dalma, amma wutar da tsumman da ke fita sun isa su makantar da mutum ko su ƙone shi. Shi ya sa za ka ga sun ware daga cikin jama'a, sun ba juna tazara, sun ɗaga baki sama ko sun karkata shi inda ba kowa, kuma ba mai tashin tasa sai babbansu ya ba da alama. Suna kuma lura da dawaki, domin doki baƙo idan aka tashi bindiga a kunnensa yana iya zubar da mahayi a tsakiyar taro.

Wani dattijo daga cikinsu ya nuna mini abubuwa biyu da suke hana yaransu. Na farko, ɗura bindiga nan da nan bayan an harba, domin wata yiwuwa akwai sauran wuta a ciki, albarushi yana sauka ta kama. Don haka ba a zubawa kai tsaye daga gora, sai an auna a hannu ko a wani ɗan ma'auni, kuma ba a leƙa bakinta. Na biyu, ƙara ɗuri domin a fi na kusa ƙara. Wannan gasa ta samari ita ce take fasa bindiga, tun da yawancinsu ƙirar gida ce da bututun ƙarfe. Na taɓa ganin haka da idona a wani gari ranar hawa. Saurayin ya ɗura, ta ƙi tashi, cikin hayaniya ya manta ya sake ɗura wani a kai. Ya rasa yatsu biyu, wanda ke tsaye damansa kuma, wanda bai yi laifin komai ba, ƙarfe ya tsaga masa kunci. Na tambayi dattijon me suke yi wa irin wannan. Ya ce, "Malam, karɓe bindigar muke yi, ya koma ɗaukar gora har sai mun ga hankalinsa ya dawo."

Maharba su ma haka. Inda akwai Sarkin Baka ko Sarkin Dawa mai faɗa a ji, shi yake tsara fita, ya raba wa kowa gefen da zai bi, kuma ba a harbin motsin ciyawa sai an ga naman da ido. Wani tsohon maharbi ya gaya mini cewa a garinsu wanda ya fara sa wa nama jini shi ne mai shi, wanda ya ƙarasa kuma yana da kasonsa, kuma ba a shiga gidan mutane ko kasuwa da bindiga a ɗure. Ba zan ɓoye ba, farautar gayya ta rani ta sha zama fagen faɗa da ƙwacen nama, har a zubar da jini a kan zomo. Amma dattawan sana'ar ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin jarumtaka ba, kuma an fi ganinsa inda sarautar maharba ta yi rauni.

Tushen wannan duka yana cikin addini tun kafin a ƙera bindiga. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani ga miƙa takobi tsirara, wanda shi ne daidai da miƙa bindiga a ɗure. An kuma hana ɗaure abu mai rai a mai da shi abin gwada bara. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, sun yi dogon bayani kan ƙa'idojin gasar harbi da adalci tsakanin masu yin ta. Ina mamakin yadda za ka ga saurayi ya san waɗannan hadisai, amma ya saita abokinsa da bindiga yana dariya domin a ɗauke su hoto a waya.

Haƙƙin Waɗanda Ba Su Cikin Fili

Harsashin Mak-4 idan aka ɗaga bakin bindiga yana iya cin tafiyar fiye da kilomita 3, kuma duk abin da ya hau sama sai ya sauko. Wannan ya sa maƙwabtan fili suke da haƙƙi a kan masu harbi. A da, kafin ranar harbi akan aika wa dagaci da masu unguwanni, a yi shela, a sanar da ardon Fulanin da ke kiwo a wajen, a kuma ajiye masu gadi a hanyoyin da ke ratsa dajin. Filayen da aka keɓe a zamanin Turawa a bayan gari suke, yau kuwa gari ya cim ma da yawa daga cikinsu, gonaki da gidaje sun matso har gindin bango. Yara kuma suna shiga tonon dalma da tsintar tagulla domin su sayar wa 'yan gwangwan, wani lokaci su tono abin da bai fashe ba. Masu harbin murna a wurin biki da bindigar zamani su ma wannan haƙƙi suke takewa.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Manyan makaman yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigogin da mutum zai mallaka don kansa lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Takarda ke nan. Takardar ba ta koya wa mutum yadda zai hau bayan a-kori-kura da mutum goma kowa da bindiga, ko yadda zai jingine ta idan an tsaya salla. Ra'ayina shi ne duk hukumar da za ta ɗauki matasa aikin tsaro ta nemo tsofaffin sajoji da samanjoji da suke zaune a unguwanninmu suna jiran fansho, ta haɗa su da sarakunan baka, a ba su yaran ko na mako biyu ne kafin a miƙa musu harsashi.

A ranar nan ta 1976, da aka gama harbi ba a bar mu mun hau mota ba. Aka jera mu, aka duba kowace bindiga, sa'an nan aka ce kowa ya kawo kwansonsa. An ba mu harsashi 150, sai aka ƙirga kwanso 148, ga kuma nawa da ya ƙi tashi, saura ɗaya. Muka bi layi a durƙushe muna laluben ciyawa, rana tana dukanmu, har kusan awa guda. Daga ƙarshe wani ɗan aji uku ya fito da shi daga cikin safarsa, ya ce so yake ya kai wa ƙaninsa tsaraba. Baba Samanja ya karɓa ya jefa a akwati, ya sa kowannenmu ya ɗaga hannu ya furta cewa ba ya ɗauke da harsashi ko kwanso. Bayan haka ya aika mutum biyu suka sauko da jajayen tutocin, makiyayan da suke jira a gindin wata tsamiya tun hantsi suka kora shanunsu suka ratsa filin.